Gwajin Layin Kusada

Litinin, 19 ga Agusta, 2019

Na iso Kankia da la'asar, ruwa na bin motarmu tun daga hanya. Kamfanin Alhaji Mannir mai sayen hatsi da gyaɗa ya ba ni ɗaki a bayan ofis. Katifa, buta, fanka, sai ƙusa ɗaya a bango. Ta ishe ni, riga nawa gare ni.

Aikin dai ga shi. Sito uku ne, na Kankia da na Kunduru da na Kusada. Sabis ɗin waya ba ya shiga cikinsu, sai ma'aikaci ya fito ya nemi tudu yana ta alo-alo. Alhaji na so in kafa waifai a kowane sito, in haɗa ukun da farantin sigina daga dogon ƙarfe zuwa dogon ƙarfe, a raba wa ma'aikata wayoyin hannu na kamfani su riƙa kiran juna ta kan wannan layin. Wata uku aka ba ni, sai aikin ya ga kaka sannan in tafi.

Na yi irinsa sau biyar a Kaduna, ba ya ba ni tsoro. Abin da ya hana ni cin abincin da aka aiko shi ne takardar sunayen ma'aikata. Siton Kusada, mai awo: Malam Bubayero. Mahaifina.

Ina shekara shida suka rabu da Inna, ta tafi da ni Kaduna. Shekara ashirin da bakwai ke nan. Bara da ta rasu ya zo ta'aziyya, ya zauna cikin maza, ya shafa fatiha, ya nemi takalminsa ya tafi. Ko kallona bai yi ba. Na san ni ne ɗan fari, na san kunyar ɗan fari, ba a kama sunansa, ba a jan shi da hira. Amma wace irin kunya ce ta shekara ashirin da bakwai, har a kan gawar uwa?

Na san yana nan lokacin da na karɓi aikin. Gara in rubuta gaskiya, littafina ne.

Laraba, 21 ga Agusta

Audi, direban kamfani, ya kai ni Kusada duba wuri. Dattijo ne mai surutu, kafin mu isa na san tarihin kowace gona da mai ita.

Na yi sallama a bakin sito. Mahaifina yana tsugune yana goge sikeli. Ya amsa, idonsa a kan sikelin. Ya tsufa, wuyansa ya rame, amma kunnuwan nan nawa ne sak. Na durƙusa na ce ina wuni, ya ce lahiya lau, ya miƙe ya ce wa Audi bari ya duba rufin baya ko yana yoyo. Bai dawo ba har muka tafi.

Na hau rufin sito da na'urar hange. Hanya fes har ƙarfenmu na Kankia. Akwai wani babban itace a bayan sito, daidai saitin, amma busasshe ne, ko ganye ɗaya babu a tsakiyar damina. Na rubuta a takarda: mataccen itace, ba matsala.

Alhamis, 22 ga Agusta

Ba matsala. Haka na ce wa Alhaji da ya tambaye ni yadda na sami Kusada.

Asabar, 7 ga Satumba

Kunduru ta kammala, Kankia saura akwatin waifai biyu. Yini nake a kan tsani, in sauko in ci shinkafa da wake a shagon bakin hanya, in dawo ɗaki in kalli fanka. A masallaci ana gaishe ni da Injiniya, ana ba ni wuri a sahu, amma da an sallame kowa ya kama hanyar gidansa. Ni na gina wa mutum arba'in hanyar magana, wayata kuwa tun Talata ba wanda ya kira sai mai sayar da batir.

Ɗazu na kusa danna lambar Inna. Har yanzu ban goge ta ba.

Talata, 17 ga Satumba

An kunna layin Kusada. Na ba kowane wuri lamba: ofis 100, Kunduru 102, Kusada 104. Jiya Audi ya kai wa mahaifina wayarsa, ya nuna masa koren maɓalli.

Ƙarfe takwas na danna 104. Dole ne, aikina ne. Na shirya abin da zan ce, abin da nake cewa ko'ina: gwaji ne, kana ji na? A ce e, in kashe.

Ya ɗauka ya yi sallama, ya ce, “Injiniya ne? Ina kwana?”

Ni ya fara gaisarwa. Sai ya shiga jero gaisuwa, ina gajiya, yaya aiki, yaya ruwa, yaya baƙunta, an tashi lahiya. A ƙarshe na ce gwaji ne, Malam, ana ji? Ya ce ana ji sarai. Ya ce Allah shi taimaka.

Minti ɗaya da daƙiƙa goma, na duba a kwamfuta. Tun ina shekara shida bai taɓa yi min magana mai tsawon haka ba. Na ji haushi, na ji daɗi, ban san wanda ya fi yawa ba.

Juma'a, 20 ga Satumba

Ƙorafi ya zo daga Kunduru: wai wayar ba ta da ladabi. Da farko na yi dariya, da na saurara sai na ga gaskiyarsu. Murya tana ɗan makara a hanya, kamar rabin numfashi. A Kaduna ba wanda ya taɓa kula, domin can mutum ya ce alo sai ya faɗi abin da ya kawo shi. Nan kuwa gaisuwa ce ake yi baki da baki, wannan na ina gajiya wancan na ba gajiya, ba a barin fili. Da murya ta makara sai su yi karo, kowa ya tsaya, kowa ya sake farawa tare, sai dattijo ya ga kamar yaro na katse shi.

Hotunan kyamarorin tsaro na kamfani ne ke cika layin. Na yini ina gyara, na ba murya gaba, komai ya jira ta wuce.

Laraba, 25 ga Satumba

Ya gyaru. Na gane da gaisuwar mahaifina, ta fi duk na'urar gwajin da na zo da ita. In muka yi ta daga ina kwana har Allah shi taimaka ba mu yi karo ba, to layi lafiya yake.

Kullum ƙarfe takwas nake kira. Na ce wa Alhaji ƙa'idar aiki ce. Kunduru sau ɗaya nake gwada ta a mako, wannan ban faɗa masa ba.

Yau bayan gaisuwa ya ƙara da cewa gero ya fara nuna a ƙauyen Boko. Na ce madalla. Ina jin tattabaru a rufin sitonsa. Sannan na ce ana ji? Ya ce ana ji.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Ba aiki, ba gwaji. Na wanke kaya, na shanya, na zauna ina kallonsu suna bushewa.

Abin da nake ta juyawa: wayar nan iyakarta katangar kamfani. Ranar da na hau motar Kaduna, 104 ta ƙare a gare ni. Yana da ƙaramar waya tasa, ina da tawa, shekara nawa ba wanda ya nemi wani. A can babu Injiniya, babu gwaji, sai ɗa da uba, su kuwa ba sa magana. Saura kwana arba'in.

Ranar Alhamis na je Kusada ɗaure wata waya. Mutumin da ya gama tambayata yaya baƙunta da safe, da ya hango ni sai ya juya ya shiga tsakanin buhuna. Wallahi na ji kamar in jefar da sukuddireba in bi shi in ce, Malam, ni ne fa na ƙarfe takwas.

Litinin, 21 ga Oktoba

Ruwa ya ɗauke, gyaɗa ta fara shigowa, layin Kusada kuma ya fara tsinkewa. Na ce ina kwana, na ji “lahi...” sai shiru, sai “...jiya”. Na duba komai daga nan. Sola lafiya, batir cike, farantin bai goce ba. Ƙarfin sigina ne ke raguwa kullum kaɗan-kaɗan, ban san dalili ba.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Kwana uku ban ji muryarsa ba. Na sauya waya, na sauya akwati, na sauya tasha, na zargi buhunan gyaɗa, na zargi tsuntsaye. Alhaji ya kira ni ofis, bai ɗaga murya ba, ya ce kaka ce fa, motoci na zuwa Kusada ba a san abin da ke can ba. Na ce a ba ni mako.

Ƙarfe takwas ɗin nan na yi sai in rasa inda zan sa kaina. Na danna 104 sau huɗu yau, ina sane ba za ta shiga ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Mun je Kusada da Audi. Ina ƙasa ina buɗe akwatin batir karo na uku, sai ga tsohon ya fito ya tsaya kusa da Audi, ya ba ni baya. Da Audi yake magana, amma da ƙarfi yadda zan ji.

“Audi, in da mai aikin nan zai ɗaga kai, da ya huta. Wanga icce gawo ne. Da damina yake zub da ganye, in ruwa ya ɗauke shi toho.”

Na ɗaga kai. Mataccen itacena ya yi lif da ganye, kore shar, ya rufe saitin Kankia gaba ɗaya. Tun Oktoba yake tohowa ina can ina zargin tsuntsaye. Audi ya yi dariya har da riƙe mota, ya ce ko akuyar Kusada ta san halin gawo, don 'ya'yansa take jira da rani. Ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Bai faɗa da mugunta ba, amma ta shige ni.

Ni ɗan garin nan ne, a nan aka yanke min cibiya, ga takardar digiri, ban san gawo ba. Wa zai koya min? Na kusa faɗa a fili. Na haɗiye.

Mafita mai sauƙi ita ce a sare rassan sama. Na faɗa wa Audi haka. Tsohon ya koma wajen sikelinsa.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na je gaida Goggo Hussaina, ƙanwar mahaifina da ke aure nan Kankia. Wata biyu da rabi ina garin sai yau, ta kuwa wanke ni tas kafin ta ba ni fura. Ta ce shekara talatin da uku ba mata, ba zumunci, sai hawan ƙarfe kamar ƙadangare.

Na ba ta labarin gawo don ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta ce filin da aka gina siton nan gonarsa ce a da, shi ya sa da kamfani ya karɓa ya nemi aikin awo a wurin. Ta ce lokacin ina ƙarami, a gida ko hannuna ba ya riƙewa, kakanninmu Fulani ne, kunyarsu ta fi ta kowa. Amma da sassafe sai ya ce wa Inna a miƙo yaron nan a kai wa kakarsa, in ya fita bayan gari inda ba ido sai ya ɗora ni a wuya har gona. Ya ajiye ni gindin gawon nan ya yi noma, yana yi yana min hira. Ita ta sha kama mu in ta kai abinci, sai ya yi kamar bai san da ni ba.

Na ce to ranar ta'aziyya fa? Ta ce, “Kwana biyu ya yi bai ci abinci ba da ya dawo. Kai da ka gan shi, mi ka ce mai?”

Ban ce masa komai ba. Na ga shigowarsa, na sunkuyar da kai ina jiran ya fara. Ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ban sani ba ko Goggo ƙari take yi, ta iya gyara zance. Amma a hanyar dawowa na tuna wani abu mai lanƙwasa, ruwan goro, da nake kaɗawa yana ƙara a hannuna. Na daɗe ina zaton abin wasa ne na kanti.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Alhaji ya ce a nemo mai gatari gobe. Na ce a'a, reshe zai sake tohowa baɗi, a dawo gidan jiya. Na ce gara in matsar da farantin zuwa kan ƙarfen tankin ruwa, can ɗaya kusurwar, layin ya bi ta gefen itacen. Ya ce wannan ai aikin kwana biyu ne, sara kuwa na awa ɗaya. Na yi masa bayani da zane da lambobi har ya gaji ya ce in yi yadda na gani.

Duk abin da na faɗa masa gaskiya ne. Ba shi ne dalilin ba, amma gaskiya ne.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Jiya na ja waya daga sito zuwa tanki, yau na hau. Audi ya tafi kai kaya Sukuntuni, masu dako suna can gaba suna sauke mota. Tsanin ya ɗan yi rawa da na kai tsakiya, sai na ji ya tsaya cak. Na leƙa ƙasa. Shi ne, ya riƙe da hannu biyu, fuskarsa na kallon gona.

Awa ɗaya da rabi ina sama, bai saki ba. In na ce sufana, sai ya ɗaura a igiya in ja. Da na sauko ƙafata ta taɓa ƙasa, ya saki tsanin ya kakkaɓe hannu ya tafi. A kan akwatin kayana na tarar da 'ya'yan gawo guda uku, busassu, na bara ne, bana bai zuba ba tukuna. A wani wuri ya ajiye su.

Na kaɗa ɗaya a mota. Audi ya tambaye ni ko mura nake yi, na ce ƙura ce ta tanki.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Layi ya dawo, ya fi na da. Ƙarfe takwas muka yi ta daga farko har ƙarshe ba karo. Ya ce an bar icce. Na ce an bar shi. Ya ce Allah shi yi albarka.

Ba taimaka ya ce ba. Albarka.

Talata, 12 ga Nuwamba

Saura kwana huɗu. Na shirya maganar da zan yi masa, na rubuta a bayan takardar aiki, na yage. Da safe na buɗe baki in ce Baba, sai na ji kaina na ce Malam, ana ji?

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Na miƙa aiki. Na koya wa Malama Rahamatu ta ofis yadda ake ƙara lamba da yadda ake sake kunna akwati in ya tsaya. Alhaji ya sa hannu, ya yi godiya, ya ce ƙofa a buɗe take. Na mayar da wayar 100 kan teburin ofis.

Yau ban kira ba. Me zan ce? Aiki ya ƙare, ba sauran gwaji. Na ɗaure jaka, na cire rigar daga ƙusa. Audi zai kai ni tasha gobe da tara.

Ba komai. Na zo ba ni da uba, zan koma da 'ya'yan gawo uku, ai an ci riba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Ƙarfe takwas da minti biyar ina ɗaure takalmi, Malama Rahamatu ta ƙwanƙwasa ƙofa da waya a hannu. Ta ce Kusada ce, wai Injiniya ake nema. Na ce a raina layin ya sake lalacewa.

Tun da aka ba shi wayar nan bai taɓa danna lamba ba, ɗauka kawai yake yi. Ban san wa ya nuna masa ba.

Ya yi sallama, ya jero gaisuwar duka, har da yaya baƙunta. Ina jin tattabarun nan. Na ce lafiya dai, Malam?

Ya ce, “Gwaji ne. Jiya ba a gwada ba.”

Na ce ana ji, Baba.

Fita ta yi kawai, ban shirya ta ba. Na duba fuskar wayar ko ta yanke. Ba ta yanke ba. Can ya ce to madalla, ya ce an yi sabon gero a gida, in mai aikin nan bai riga ya tahi ba, akwai tuwo ranar Litinin bayan magariba. Ya kashe kafin in amsa.

Na ce wa Audi ya sauke jakar. Na ce wa Alhaji batiran Kusada suna so a sa musu ido na mako guda, ya dube ni ya ce ai kuwa batir abin lura ne.

Lafiyar batiran ƙalau. Na mayar da rigar kan ƙusa.